Yadda Malami Zai Bi Ƙofofin Manhajar SAP

A zamanin En'e ko wace gunduma tana da littattafanta: na haraji, da na jangali, da na albashi, ga kuma babban littafin da ke hannun Ma'aji a Baitulmali. Idan kuɗi suka shigo sai malami ya rubuta a wuri ɗaya, sa'an nan a kwafe zuwa wani, a ƙarshen wata kuma a zauna a gwada littattafan a ga ko sun dace. A yau manyan kamfanoni da ma'aikatu sun tattara irin waɗannan littattafai cikin manhaja guda ta kwamfuta, wadda a ke kira ERP a taƙaice. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ma ta bi wannan hanya, domin ta soma tsarin biyan albashi na IPPIS cikin 2007, da tsarin sarrafa kuɗi na GIFMIS cikin 2012. Sabo da haka ya kamata hakimai da malamansu su san yadda a ke aiki da irin waɗannan manhajoji, tun da ya ke takardun da su ke sa wa hannu da yawa a can su ke ƙarewa.

An zaɓi SAP domin misali, sabo da tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a duniya. Mutum biyar ne, tsofaffin ma'aikatan IBM, suka kafa kamfanin a Jamus cikin 1972. Sun fito da tsarin R/3 cikin 1992, sa'an nan S/4HANA cikin 2015. Fuskar ko wace manhaja dabam ta ke, amma wanda ya gane ɗaya ba zai sha wuyar sauran ba.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne: a cikin manhaja rubutu ɗaya a ke yi, nan take ya shiga dukan littattafai, da sunan wanda ya yi shi, da rana, da lokaci. Domin haka tilas ne malami ya san inda ya ke, da ƙofar da ya shiga, kafin ya ajiye kome.

Ƙofar Shiga

Da an buɗe manhajar sai ta nemi abu huɗu: lambar sashe mai alƙaluma uku, da sunan ma'aikaci, da kalmar sirri, da harshen da za a yi aiki da shi. Galibin ma'aikatu suna da wurin koyo da gwaji dabam, da wurin aiki na ainihi dabam, fuskokinsu kuwa kusan iri ɗaya ne. A ƙasan allo ta wajen dama a kan ga sunan tsarin da lambar sashen. Lalle ne malami ya duba nan tukuna, kada ya wuni yana aikin gaske a wurin gwaji, ko kuwa ya yi gwaji cikin littafin gaske.

Kalmar sirri kamar hatimi ta ke. Wanda ya ara wa abokinsa ita, duk abin da abokin ya rubuta da sunan mai ita zai fito, kuma shi mai binciken kuɗi zai tuhuma. Idan aka yi ta kuskuren kalmar a jere, manhajar ta kan kulle sunan, sai mai kula da tsarin ya buɗe.

Sassan Allo

Bayan shiga sai a tarar da allon farko. A can sama akwai layin umurni. Ƙarƙashinsa akwai jerin maɓallai, da wani ɗan gurbi a hagu wanda a ke rubuta lambar aiki a ciki. Daga nan sai layin da ke nuna sunan aikin da a ke ciki. Tsakiyar allo ita ce fagen aiki. A can ƙasa kuma akwai layin saƙo, inda manhajar ta ke ba da amsa.

A allon farko ayyuka suna jere kamar rassan itace: babban reshe na lissafin kuɗi, da na saye da sayarwa da sito, da na ma'aikata. Idan aka danna reshe sai ƙananan rassa su bayyana, har a kai ga aikin da a ke nema. Akwai kuma wurin zaɓaɓɓu, inda malami zai tara ayyukan da ya ke yi kullum, don kada ya riƙa bin doguwar hanya. Cikin 2013 kamfanin ya fito da sabuwar fuska mai suna Fiori, wadda ta ke jera ayyuka cikin 'yan akwatuna a kan allo, amma lissafin da ke bayansu bai sāke ba.

Ba ko wace ƙofa ce za ta buɗe wa kowa ba. An ba ko wane ma'aikaci izni gwargwadon aikinsa, kuma da gangan a ke raba wanda ya ke ba da odar kaya da wanda ya ke biyan kuɗinsu. In manhaja ta ƙi buɗe wani aiki, ba lalacewa ta yi ba. Sai a nemi izni ta hannun shugaba.

Lambobin Aiki

Ko wane aiki yana da lambarsa, wadda in an rubuta ta cikin gurbin nan na sama aka danna Enter, sai a faɗa cikin aikin kai tsaye. Da yawa daga cikinsu suna bin ƙa'ida guda: 1 ƙirƙira, 2 gyara, 3 dubawa kawai. Misali, VA01 ta buɗe sabuwar odar sayarwa, VA02 ta gyara ta, VA03 ta nuna ta. Haka kuma ME21N, da ME22N, da ME23N game da odar saye. Wanda dubawa kurum ya ke so, ya shiga ta ƙofar dubawa. Dalili biyu ne: ba zai taɓa kome bisa kuskure ba, kuma ba zai tsare wa wasu hanya ba, gama takardar da wani ya buɗe domin gyara a kulle ta ke ga duk mai son gyara ta har ya fita.

Idan malami yana cikin wani aiki ya so ya tafi wani, sai ya sa /n gaban lambar. Amma a lura, wannan ya kan rufe aikin farko ba tare da gargaɗi ba, abin da ba a ajiye ba kuwa ya tafi ke nan. In yana so ya bar na farkon a buɗe, sai ya sa /o, wata taga ta buɗe. Bisa al'ada a kan iya buɗe taga har shida.

Maɓallan da suka fi amfani su ne: F1 ya bayyana ma'anar gurbin da a ke kai; F4 ya kawo jerin abubuwan da gurbin ya ke karɓa; F3 ya koma baya; F8 ya zartar da rahoto; F12 ya soke. Matambayi ba ya ɓata. Gara malami ya danna F4 ya zaɓi lambar ɗan kwangila daga jeri da ya rubuta ta da ka.

Layin Saƙo

Saƙonnin ƙasan allo iri uku ne. Kore yana nufin aiki ya shiga, kuma a nan a ke ganin lambar takardar da aka ajiye. Rawaya gargaɗi ne: ana iya wucewa da Enter, amma sai an karanta. Ja kuskure ne, ba a ci gaba sai an gyara. Mafi yawan ɓarna daga rawaya ta ke fitowa, domin hannu ya kan saba da danna Enter ido bai karanta ba. Malamin kirki ba ya tashi sai ya ga lambar takarda, ya kuma rubuta ta a jikin takardar da ke gabansa.

Akwai wani tarko game da alƙaluma. A Jamus ɗigo a ke sa wa domin raba dubbai, waƙafi kuma domin gutsure, watau akasin abin da aka saba a Nijeriya. Manhajar tana bin abin da aka saita wa ko wane ma'aikaci. Sabo da haka 1.500 yana iya zama dubu ɗaya da ɗari biyar a wurin wani, ya zama ɗaya da rabi a wurin wani. Sabon ma'aikaci ya duba saitinsa na alƙaluma da na kwanan wata tun ran farko.

Misali Guda

A ce wata ma'aikata tana son buhu 200 na takin zamani. Mai saye ya buɗe oda ta ME21N. Ran da kaya suka iso, mai sito ya ƙirga ya sami 180, ya shigar da su ta MIGO. Nan take adadin sito ya ƙaru, lissafin kuɗi kuma ya nuna darajar kayan da aka karɓa. Sa'an nan ɗan kwangila ya kawo takardar neman biyan buhu 200, akawu ya shigar ta MIRO. Manhajar ta gwada takardun uku, ta ga saɓani, ta tsare biyan har a bincika. Amma da mai sito ya rubuta 200 ba tare da ƙirga ba, da kuɗin buhu 20 sun fita a banza, kuma sunansa ne a kan takardar. Manhaja ba ta ganin buhu, abin da aka gaya mata ta ke gani.

Gyaran Kuskure

Takardar kuɗin da aka riga aka ajiye ba ta gogewa, ba a kuma canja adadinta. Sai dai a warware ta da wata takarda, kamar ta FB08, a faɗi dalili, sa'an nan a rubuta daidai. Dukansu za su zauna cikin littafi kowa ya gani. Har wa yau, idan aka rufe lissafin wata ba a shigar da kome cikinsa sai da izni. Don haka wanda ya yi kuskure ya faɗa da wuri, kafin a rufe wata.

Abin Da Ke Kan Hakimai

Ba a bukatar hakimi ya zauna gaban kwamfuta da kansa, amma alhakin kula da malamansa yana wuyansa. Ya tabbata ko wane malami da sunansa ya ke shiga. Ya nemi lambar takarda a kan ko wane biya kafin ya sa hannu. Idan malami ya bar aiki ko aka yi masa canji, a sanar da mai kula da tsarin ran nan domin a rufe sunansa. Sabon malami kuwa a ba shi lokaci a wurin gwaji, har hannunsa ya faɗa, kafin a danƙa masa littafin jama'a.