Ɗalibin Kimiyya da Karatu Ya Yi Wa Nauyi: Wane Taimako Ne Ke Aiki?

Shekarar farko ce ta fi kayar da ɗaliban kimiyya a jami'a. Yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya shiga aji ɗaya ya tarar da kalkulas da fiziks da kemistare, a ɗakin lacca mai cin ɗaruruwan mutane. Kafin ya ankara ya kwaso keri-oba biyu ko uku. A gida kuwa sai a ce ya yi wasa, ko kansa ba ya ja.

A tsakiyar shekarun 1970, Uri Treisman, masanin lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, ya bi diddigin irin wannan zargi. Ɗalibai baƙaƙen fata suna ta faɗuwa kalkulas, 'yan asalin Sin kuwa suna ci. Malamai sun ɗora laifin a kan talauci, raunin makarantun da suka fito, rashin himma da rashin goyon bayan iyaye. Treisman ya zaɓi ɗalibai 20 daga kowane ɓangare, ya riƙa lura da yadda suke karatu, har a ɗakunan kwanansu. Sai ya ga baƙaƙen fatan ba himma suka rasa ba. Kowa dai shi kaɗai yake fama da littafinsa, in ya maƙale ba mai ciro shi. 'Yan Sin ɗin su ma suna karatu su kaɗai, amma daga baya sukan haɗu, su duba aikin juna, su yi gardama a kan amsa, kowa ya gane inda ya kauce tun kafin jarrabawa.

Daga nan ya kafa zaman bita inda ɗalibai ke aiki rukuni-rukuni. Abin da ya fi burge ni shi ne bai sauƙaƙa tambayoyin ba, ƙara musu wuya ma ya yi, kuma ya gabatar da shirin a matsayin na haziƙai. Ba wanda ya ji kunyar shiga. Faɗuwa ta ragu sosai, jami'o'i da dama suka kwaikwayi tsarin.

Tun kafin haka, a 1973, Deanna Martin ta fara wani tsari a Jami'ar Missouri da ke Kansas City. Maimakon a zaƙulo ɗalibai masu rauni, sai a duba darussan da aka fi faɗuwa. A ɗauko ɗalibin da ya ci darasin a baya, a horar da shi, ya koma yana halartar laccar, sannan ya jagoranci bita kowane mako. Ƙofa a buɗe take ga kowa, kuma jagoran ba ya maimaita lacca, 'yan ajin yake sa su warware tambayoyi da kansu.

Mu ma muna da tushen wannan. A jami'o'in Najeriya ƙungiyoyin ɗalibai, na sashe da na addini, sun daɗe suna shirya tutoriyal kyauta. Sai dai sau da yawa ya zama lacca ta biyu: babban ɗalibi na rubutu a allo, sauran na kwafa, kuma ba a cika wurin sai jarrabawa ta ƙarato. A lokacin bakin alƙalami ya kusa bushewa.

Don haka ɗalibin da ya ga karatu na neman kuɓuce masa, ya nemi bita tun makonnin farko, kafin gwajin farko. Ya je da tambayar da ya riga ya gwada ta gagare shi, ya nuna daidai inda ya tsaya. In babu shiri a sashensu, mutum huɗu ko biyar sun isa, muddin kowa zai riƙe alƙalami ya yi bayani da bakinsa. Shugabannin sassa kuma suna da sakamakon shekarun baya a hannunsu, sun san darussan da ke kayar da yara. Su ware wa bitar ɗaki da lokaci a jadawali, su horar da jagororin, su kuma ba su ɗan alawus.