Kafin Muryoyin Rara Su Salwanta: Wane Faifai Ya Kamata Mu Saya?

Duk wanda ya ratsa ƙasar Rabah daga Rara, ya gangara Wurno da Goronyo, ya san cewa akwai wata dukiya a yankin da ba ta shiga kasafin kuɗin kowace gwamnati. Ina nufin Sakkwatancin dattawan da har yau suke cewa wanga da mi da hwari, da kuma takardun Larabci da Ajami da ke cikin gafakar malamai, musamman a Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837. Mu masu nazarin harshe da ɗalibanmu mukan fita mu naɗi waɗannan muryoyi, mu ɗauki hoton takardun, sannan mu jibge su a kan faifan ajiya ƙwaya ɗaya cikin kwamfutar tebur. Ranar da faifan ya mutu, mai yiwuwa ne dattijon da aka naɗa ya riga mu gidan gaskiya.

Tambayar da abokan aiki kan yi ita ce: wane katin sarrafa faifai za a saya, kuma wane irin faifai, ga shi aljihu ba nauyi? Mu fara da lissafi. Naɗin murya na sa'a ɗaya a tsarin WAV mai inganci yana cin kimanin gigabait 1, hoton shafi guda mai launi a tsarin TIFF kuwa kimanin megabait 25. Ke nan faifai mai terabait 2 zai ɗauki naɗin sa'o'i kusan 2,000, ko shafuka kusan 80,000. Kaɗan ne daga cikinmu za su cika wannan kafin su yi ritaya. Matsalarmu ba ƙarancin wuri ba ce, rashin aminci ne.

Game da katin, yawancinmu ba ma bukatarsa. Babban allon kwamfutar tebur yakan zo da kafofin SATA nasa, kuma kafa ta zamani tana iya wuce da kusan megabait 600 a daƙiƙa, alhali faifai mai juyawa da ƙyar yake haura 250. Idan kafofin sun ƙare, ƙaramin kati mai araha wanda aikinsa ƙara kafofi kawai ya wadatar. Katin RAID mai tsada yana da tarko: yakan jera bayanai a kan faifai bisa tsarin kansa, in ya ƙone sai an nemo irinsa kafin a karanta komai, kuma neman irinsa daga Sakkwato na iya kai mutum kasuwar kwamfuta ta Ikeja.

Haka kuma, shi tsarin RAID, wanda masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka bayyana a 1988, ba ya maye gurbin kwafi. Wani nau'insa yana rubuta abu guda a kan faifai biyu ne domin aiki ya ci gaba in ɗaya ya lalace. Amma in ka goge fayil bisa kuskure, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko wutar lantarki ta dawo da ƙarfi, duka biyun za su tafi tare.

Kuɗin katin gara a zuba su a kan faifai, a nan kuma araha ba ta ado. A guji na hannu. In ya zama dole, manhajar CrystalDiskInfo ta kyauta tana nuna sa'o'in da faifan ya yi yana aiki da wuraren da suka fara lalacewa. A nemi nau'in CMR maimakon SMR, wanda ke jan ƙafa in aka daɗe ana rubutu a kansa. A 2020 kamfanin Western Digital ya amsa cewa wasu faifansa na WD Red nau'in SMR ne bayan masu saye sun koka. Sai na'urar UPS mai riƙe wuta, da fanka mai hura wa faifai iska, da kakkaɓe ƙurar hunturu, domin zafin bazara a Sakkwato yana haura digiri 40.

Shawarar dai ita ce kwafi uku: ɗaya a cikin kwamfuta, ɗaya a faifan waje da ake cirewa bayan an kwafa, na uku a wani gari. A lura da kalmar gari. Ambaliyar 2010 da ta cinye ƙauyuka a Goronyo ita ce ta karya gadar da ke kai wa ga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, saboda kogin Rima ɗaya ne. Wanda ya bar kwafi a Goronyo da wani a jami'a, a kwari ɗaya ya ajiye su. A kai na ukun Zariya ko Kano. Ko Ɗakin Karatu na Birtaniya, da duk ƙarfinsa, masu kutse sun durƙusar da shi a Oktoban 2023, balle ofishin malami.

Ina kira ga sassan nazarin harsunan Nijeriya da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da su ware ma'aji na musamman, su kuma shar'anta wa kowane ɗalibi ajiye kwafin abin da ya naɗo kafin a ba shi takardar shaida. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah Ya sa mu dace.