Yadda Aka Koya wa Tsohon Bene Tattalin Wuta

An buɗe ginin Empire State da ke birnin Niyok a Amurka a shekarar 1931. Hawansa 102, kuma ya yi kusan shekara 40 babu ginin da ya kai shi tsawo a duniya. Bene irin wannan ba ya barci. Dare da rana injuna na hura iska, lif na hawa da sauka, fitilu na ci, ga dubban ma'aikata a ofisoshi. A 2009 masu ginin suka fito da shirin rage makamashin da yake sha da kashi 38 cikin ɗari, wanda aka ƙiyasta zai rage musu kashe dala miliyan 4.4 duk shekara.

Daga tagogi aka fara. Ginin yana da tagogi 6,514, kuma ta nan zafin bazara yake shigowa, ɗumin ɗaki kuma yake zurarewa a lokacin hunturu. Ba a sayi sababbi ba. An kafa ɗan ƙaramin wurin aiki a cikin benen kansa, inda ma'aikata suke ciro taga, su raba gilasanta biyu, su wanke, su saka wata siririyar leda mai mayar da zafi a tsakani, su ɗura iskar gas mai hana zafi wucewa, su liƙe, sannan a mayar da ita mazauninta. Kusan duk tsofaffin gilasan aka sake amfani da su. An kuma sanya abin tare zafi a bayan na'urorin ɗumama ɗaki, domin da can wani ɓangare na zafinsu a bango yake ƙarewa.

Wannan tsari na farawa daga tagogi shi ne hikimar aikin gaba ɗaya. Da zafin da ke shigowa ya ragu, sai nauyin da ke kan manyan injunan sanyaya ginin ya sauka, don haka aka yi musu kwaskwarima kawai, ba a tono ƙasa an girka wasu manya ba. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin tubali mai kaurin bango a tsakiyar bazara ya san wannan: ginin da ba ya ɗaukar zafi ba ya bukatar fifita da yawa.

Bayan nan ne kwamfuta ta shigo. An baza ƙananan na'urorin awo a ofisoshi, suna aika bayani zuwa ɗakin masu kula da gini. Wasu suna auna zafi, wasu suna auna gurɓatacciyar iskar da mutane ke fitarwa idan suna numfashi. Idan ɗakin taro ya cika, na'ura ta gane, sai ta ƙara buɗe hanyar sabuwar iska. Idan an watse, ta rage. Fitilun da ke kusa da taga kan dusashe idan hasken rana ya wadata. Su ma 'yan haya an ba su damar duba wutar da suke sha ta intanet, abin da ke da tasiri sosai, domin mutum ya fi kula da abin da idonsa ke gani.

Aikin mai kula da gini ya sauya ke nan. Da sai inji ya tsaya ko ɗan haya ya kawo ƙorafi ake sanin akwai matsala. Yanzu injiniya yana zaune gaban allo zai ga wani famfo ya fara jan wuta fiye da yadda ya saba, ya tura a duba shi tun bai ƙone ba. Sai dai na'urar awo ita ma tana lalacewa, tana iya ba da lamba ta ƙarya, shi ya sa dole a riƙa gwada ta lokaci zuwa lokaci, a kuma horar da wanda zai karanta abin da take faɗa.

Daga baya aka sabunta lif ɗin ginin da na kamfanin Otis, masu mayar da ƙarfin da ke fita wajen taka birki ya zama wutar lantarki, ta koma cikin wayoyin benen. A 2011 ginin ya sami shaidar LEED ta matakin zinariya, wadda ake ba gine-ginen da ke tattalin makamashi da ruwa.