Wayar Tarho: Yadda Ake Kafa Ta Da Yadda Take Aiki

 Abin da nake so in yi bayani a kai wani abu ne da yawancinmu ba mu taɓa riƙewa da hannu ba, sai dai mu gan shi a fim, watau wayar tarho ta girke, wadda ake ajiyewa a kan tebur da igiya a bayanta. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da kayan da aka daina yayi, alhali ko a ƙauye salula ta zama ruwan dare? To, a yi mini haƙuri a bi ni sannu.

A watan Satumba na 2021, ina ɗan shekara goma sha biyu, aka rufe layukan salula a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Kwanaki kaɗan kafin haka, ranar 1 ga watan, an sace ɗalibai 73 a makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, nan ƙasarmu ta Maradun, bayan waɗanda aka sace a Jangebe cikin Fabrairun shekarar. Allah Ya kuɓutar da su daga baya. Makonni muka yi wayoyin gidanmu ba su da wani amfani sai haska hanya da dare. Wanda yake son jin lafiyar ɗansa da ke Kano sai ya hau mota ya fita daga jihar, ko ya ba direba wasiƙa kamar zamanin da. A cikin wannan zaman shiru ne kakana ya sa aka jawo masa wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ya fito da wayoyi biyu da ya naɗe da tsumma.

Shi kakan nawa tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Ya yi aikin hawa falwaya a Gusau tun ana kiran ma'aikatar P&T, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, har zuwa 1985 da aka haɗe sashen tarho na P&T da kamfanin NET aka kafa NITEL. Na ce masa, "Kaka, wannan ai gara ka ba masu sayen tsohon ƙarfe." Ya harare ni ya ce, "Kai, wanga yaro, mi ka sani? Ga taka nan sabuwa, kira mani wani in ji." Ban sami abin cewa ba. Tun daga ran nan nake bin sa da tambaya, kuma abin da zan faɗa a nan daga gare shi na samo rabi, rabi kuma daga malaminmu na kimiyya.

Farko dai, wayar girke ba ta magana da iska kamar salula. Daga kowace waya akwai siraran wayoyin jan ƙarfe guda biyu da suke bin falwaya ko ƙarƙashin ƙasa, har su kai wani gini da ake haɗa layuka a cikinsa. A wannan ginin akwai manyan batura da suke turo wa kowace waya wutar da ta kai bolt 48. Wannan shi ne babban sirrinta: ba ta neman caji, ba ta kuma damu da an ɗauke wutar gari ba, gama abincinta yana biyo igiyar da magana take bi.

Idan kan waya yana ajiye a mazauninsa, nauyinsa yana danne wani ɗan maɓalli, sai hanyar wuta ta yanke. Da ka ɗaga shi maɓallin ya taso, wuta ta fara gudana, injin da ke cibiya ya gane cewa wani yana son magana, sai ya aiko maka da wani ƙugi a kunne. Ma'anar ƙugin ita ce "ina sauraro, buga lamba". Wanda bai ji ƙugin nan ba, ko ya kwana yana bugawa aikin banza yake yi.

Yadda murya take tafiya kuwa shi ya fi ba ni mamaki. Kaka ya murɗe murfin wajen magana na tsohuwar wayar ya ciro wani abu kamar marfin kwalba, ya girgiza a kunnena, na ji yana ƙara kamar yashi. Ashe garin gawayi ne a ciki, an rufe shi da ɗan faifan ƙarfe siriri. In mutum ya yi magana faifan ya yi rawa, ya matse gawayin ya saki, ya matse ya saki. In ya matsu wuta mai yawa ta wuce, in ya saku ta ragu. Ta haka wutar take ɗaukar kamannin muryar. A can ɗaya ɓangaren kuma akwai maganaɗisu da aka naɗe da waya, wutar nan mai hawa da sauka ta sa shi jan wani faifan yana saki, faifan ya kaɗa iska, kunne ya ji magana. Ashe ba muryarka ce take shiga cikin igiya ba, kwaikwayonta ake yi. Alexander Graham Bell ne ya sami takardar mallakar wannan ƙirƙira a Amurka a 1876, ko da yake dabarar gawayin wasu ne suka kawo ta daga baya, cikinsu har da Thomas Edison.

Wayoyin Kaka iri biyu ne. Ta farko mai faifai ce da ramuka goma. Kana sa yatsa a ramin lambar da kake so, ka juya har yatsan ya tokari wani ɗan ƙarfe, ka saki. Sa'ad da faifan yake komawa da kansa yana katse wutar layin sau adadin lambar: uku ya katse sau uku, bakwai sau bakwai, sifiri kuwa sau goma, cikin saurin katsewa goma a daƙiƙa ɗaya. Injin cibiya yana ƙirga katsewar yana matsa wani hannun ƙarfe mataki-mataki har ya faɗa kan layin da ake nema. Wani Ba'amurke mai sana'ar shirya gawa, Almon Strowger, shi ya ƙago wannan inji, aka ba shi takarda a 1891. An ce abin da ya tunzura shi zargi ne cewa mai haɗa waya ta garinsu tana karkatar da masu nemansa wajen abokin gasarsa. Kafin injin nasa, mutum ne yake zaune gaban allo mai ramuka yana soka igiya yana haɗa mai kira da wanda ake kira.

Ta biyun mai maɓallai ce, irin wadda aka fara sa wa jama'a a Amurka a 1963. Ita ba katse wuta take yi ba, sauti take aikawa. Kowane maɓalli yana fitar da amo biyu a haɗe, ɗaya na jerin kwance ɗaya na jerin tsaye, injin ya saurara ya gane lambar. Tauraro da 'yar tsanin nan da muke dannawa in za mu sa kati a salula, gadonsu muka ci daga wannan waya. Tana kuma da ƙarin dabaru da waccan ba ta da su. Akwai maɓallin da yake sake buga lambar ƙarshe da aka kira, abin da Kaka ya ce ya hutar da yatsun mutane ƙwarai a zamanin da sai an buga sau goma kafin a sami layi. Akwai na ajiye lambobi, akwai na toshe bakin waya don ka yi shawara da na kusa da kai ba tare da na can ya ji ba, akwai kuma na fito da murya fili kowa a ɗaki ya ji. A gefenta akwai wani ɗan makunni da aka rubuta T da P. In cibiyar garin tsohuwa ce mai ƙirga katsewa sai a tura shi P, in sabuwa ce mai jin amo a tura shi T. Mutane da yawa, in ji shi, sun ɗauko waya lafiyayya sun kawo gyara, ashe wannan makunnin ne kawai yaro ya taɓa.

Kafa ta a gida ba wuya in layi ya iso. Ma'aikaci zai jawo igiya daga falwaya zuwa wani ɗan akwati a bango. Igiya miƙaƙƙiya takan tashi daga akwatin zuwa bayan waya, mai lanƙwasa kamar taliya kuma daga gefen waya zuwa kan da ake riƙewa. Ramukan biyu sun yi kama amma na kan waya ya fi ƙanƙanta, kada a tilasta. A ajiye ta nesa da danshi, a ɗaga a saurari ƙugi, sannan a roƙi wani ya kira don a ji ƙararrawa. In kiran cikin gari ne lambar kawai ake bugawa. In wani gari ne sai an fara da lambar garin: a wancan zamani Gusau 063 ce, Sakkwato 060, Kaduna 062, Kano 064, Legas kuwa 01. Kaka har yanzu yana jero su kamar karatun allo. Ya kuma ja mini kunne da abu biyu: kada a riƙe waya mai igiya ana tsawa da damina, domin aradu tana iya biyo layin, kuma kada a bar kan waya a karkace bayan an gama, don duk mai nemanka zai ji kamar kana kan magana.

Wahalar ba ta kafawa ba ce, ta samun layin ce. Lokacin da Nijeriya ta sami 'yanci a 1960 layukan ƙasar duka ba su kai dubu 19 ba. Bayan shekara arba'in ma ba su wuce wajen dubu 400 masu aiki ba, ga mutane fiye da miliyan ɗari. Saboda haka da salula ta shigo a watan Agusta na 2001 kowa ya ruga gare ta, kuma ban ga laifin kowa ba. Layukan jan ƙarfe suka mutu a tsaye, daga baya aka sayar da kadarorin NITEL. Wayoyin tebur da kuke gani yanzu a wasu shaguna masu ɗan eriya, siffar ce kawai ta girke, amma sim ne a cikinsu. Ranar da aka rufe salula tare suka yi shiru.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. A makarantarmu ta kwana doka ta hana ɗalibi riƙe salula, kuma tsakanin ƙofar shiga da gidan malamin da yake kula da ɗakunan kwana akwai tafiyar taku wajen ɗari uku. In wani ya kamu da ciwo da tsakar dare, ko maigadi ya ga abin da bai yarda da shi ba, sai dai a yi gudu cikin duhu. Da na ba malamin kimiyya labarin wayoyin Kaka sai ya ce, "In ya yarda ya ara mana, za mu haɗa su su yi magana ba tare da wata cibiya ba." Na ce, "Malam, ba layi fa." Ya ce, "Mu ne layin."

Ga yadda muka yi bayan shugaban makaranta ya ba da izini. Muka sami igiyar tarho mai siraran wayoyi huɗu a ciki, ja, kore, rawaya da baƙa. Ja da kore su ne na magana. Muka haɗa koriyar waya ta ɗaya kai tsaye da koriyar ta biyu. Jar kuwa muka yanke ta a tsakiya, muka sa batirin babur mai bolt 12 da wata 'yar rizista mai om 300 a jere, don ta rage ƙarfin wutar kada ta cutar da wayoyin. Shi ke nan. In an ɗaga kai biyun wuta ta zagaya, magana ta tafi. Ina gargaɗin ƙannenmu da babbar murya, kada wanda ya kuskura ya soka igiyar waya a soket ɗin bango. Wutar bango ta kai bolt 230, kisa take yi.

Ranar farko ba mu ji komai ba. Na yi ta "halo, halo" har 'yan ajinmu suka fara dariya. Malam ya bi igiyar da mita taku-taku, sai ga shi laifina ne: inda na yi ƙari ban kankare robar sosai ba, na murɗa jan ƙarfe a kan roba. Da aka gyara sai na ji muryar abokina tar a kunnena yana tambaya ko an kaɗa ƙararrawar abinci.

Abu ɗaya ya gagara, ƙararrawar wayar ba ta kaɗawa. Dalili kuwa ita tana bukatar wata wuta dabam mai kai da komo, ta wajen bolt 75 zuwa 90, wadda cibiya ce kawai take aikowa, batirin babur ba zai iya ba. Kuma in ba ƙararrawa, yaya na can zai san ana nemansa? Nan ne rawaya da baƙa suka yi rana. Malam ya sayo ƙaramar ƙararrawar ƙofa mai aiki da batir a Gusau, muka kafa ta a gidan malamin ɗakin kwana, maɓallinta kuma a ɗakin maigadi. Maigadi ya danna, malam ya farka ya ɗaga, su yi magana.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Igiya abar yankewa ce. Ɓarawo ko gara ko akuya duk suna iya kashe layin, shi ya sa muka binne tamu a cikin bututun roba, kuma aka sa mu biyu muna gwada ta kullum bayan sallar isha'i. Batirin ma sai an riƙa kai shi caji. Ba kuma za ta kira Kano ko Gusau ba, iyakarta inda igiyarta ta tsaya. Amma a cikin zangon da ya wuce sau biyu aka tashi malam da ita da dare, ɗaya saboda wani ɗan aji ɗaya da kunama ta harba.

Da na je hutu na ba Kaka labari, sai ya tambaye ni da me na naɗe wurin ƙarin. Na ce da leda. Ya ce in koma in sa tef ɗin masu gyaran wuta kafin ruwan farko ya sauka, in ba haka ba in dawo masa da wayoyinsa.