Fim ɗin 'Yan Daba: A Kalla ko a Kashe?

 

Yau zancenmu a kan kallo ne. Ba finafinan soyayya da kishi da muka saba ba, a'a, irin masu nauyin nan da suka cika wayoyinmu, na daba da shaye-shaye da ƙwacen waya, waɗanda in kin gama kallo sai ki ji kamar an ɗora miki dutse a ƙirji. Cikin waɗanda suka fi tashe akwai A Duniya, mai dogon zango, na Tijjani Asase, wanda aka riƙa sakawa a YouTube. A ciki ne Daddy Hikima ya fito a Abale, har sunan ya bi shi. In zancen ya taso a gidan suna ko biki, a Gyadi-Gyadi ne ko Tarauni, za ki ji mace ɗaya ta ce wallahi fim ɗin ya yi, ta kuma ce Allah ya sawwaƙe, duk a numfashi ɗaya. Ni ma haka na ji da na kalla. To me ke kawo wannan rabuwar zuciya?

Mu fara da abin da ke sa mu kasa ajiye wayar. Uwargida, ni da ke muna cikin gida. Soro ne iyakarmu, sai fa unguwa da izinin maigida, ko asibiti. Amma ɗanki ɗan shekara 15 ba soro ne iyakarsa ba. In ya ce miki ya tafi majalisa bayan isha'i, ba ki san su wa ke zaune a wurin ba, ba ki san me ake miƙa wa juna a duhun lungu ba. Wannan fim shi ke ɗage mana labule. A nan mace za ta ga yadda ake jan yaro: ba da wuƙa ake farawa ba, da aike ake farawa, da ɗan canjin da ake bar masa, da kirarin da ake yi masa a gaban sa'o'insa, shi da a gida sai faɗa da tsawa. Za ta ga kamannin yaron da ya fara shan ƙwaya, jan ido, barcin rana, saurin fushi, da sabuwar waya a hannu wadda ba a san wanda ya saya masa ba. Ba ƙaramin ilimi ba ne wannan ga wadda ba ta fita.

Kuma ba ƙage ba ne. A 2018 BBC ta fitar da wani bincike na bidiyo a kan shan maganin tari mai kodin, har da abin da ta ɗauka a nan Kano, kuma a watan Mayu na shekarar gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Yaran da ake gurfanarwa a kotun majistare ta Gyadi-Gyadi a kan ƙwacen waya, da waɗanda ake garzayawa da su Asibitin Malam Aminu Kano da sara a jiki, ba 'yan wasa ba ne, 'ya'yan wasu mata ne irinmu.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Mai shirya fim yana so a kalla, kuma ba a kallon mutum marar armashi. Saboda haka shugaban daba shi ake ba maganganu masu gishiri. In zai shigo, sai a sa masa kiɗa mai ratsa jiki, a rage saurin tafiyarsa, a ɗauko shi daga ƙasa don ya yi girma a ido, kowa na darewa yana ba shi hanya. Ke da kike da hankali kin san ƙarshen alewa ƙasa. Yaro kuwa abin da ya gani shi ne mutumin da ake tsoro, wanda ba ya roƙon kowa. Gobe sai ki ji shi a tsakar gida yana kwaikwayon muryar, yana karkace baki, ƙannensa na dariya. Mu ma, a faɗi gaskiya, mukan yi dariyar.

Akwai kuma wani bambanci tsakanin da da yanzu, wanda ba kowa ke lura da shi ba. A zamanin kaset, fim na ɗaya da na biyu ne, a yini ɗaya an gama. Ana zaune a ɗaki ɗaya, ke da abokiyar zamanki da yaran gida har da na maƙwabta, kowa ya ga farko ya ga ƙarshe, ya ga mugu ya girbi abin da ya shuka. Mai dogon zango ba haka yake ba. Kuɗinsa daga yawan masu kallo yake zuwa, don haka jan labarin ake yi mako bayan mako, kuma ba a gaggawar kawar da wanda jama'a suka fi so, ko da shi ne mugun. Sai a yi wata da watanni yana cin karensa ba babbaka, hukuncin yana can gaba. Yaron da ya ga gutsuren minti ɗaya a TikTok, da abin ji a kunne, ba zai taɓa kaiwa ga wannan hukunci ba. Shi dai ya ga wuƙa, ya ji kirari.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta daɗe tana fama da irin wannan. Tun a 2004 ta hana Baƙar Ashana na Aminu Bala, wanda ya taɓo rayuwar mata masu zaman kansu. A watan Satumba na 2021, lokacin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024 kuma, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana masu nuna daba da daudu. Su kuwa 'yan fim, maƙwabtanmu na titin Gidan Zu, hujjarsu kullum ita ce fim madubi ne, abin da ke cikin gari suke nunawa.

A ganina kowa yana da gaskiyarsa, amma ba duka ba. Daba ta girmi fim nesa ba kusa ba. Turmin Danya, da ake lissafawa a farkon finafinan bidiyo na Hausa, a 1990 ya fito, ita kuwa daba tushenta na komawa ga 'yan farauta da 'yan tauri, da 'yan bangar siyasa tun zamanin NEPU da NPC. Bauchi na da 'yan sara-suka, Gombe na da 'yan kalare, Katsina na da ƙauraye. Ba fim ne ya haife su ba, kuma hana fim ba zai share lungu ba. Sai dai madubi ba ya sa wa mutum kiɗa, ba ya kuma zaɓar masa kusurwar da zai fi kwarjini. Wannan aikin mai shiri ne, shi za a tambaya.

Ke kuma uwargida, dokar hukuma ba ta shiga wayar da ke ƙarƙashin matashin kan ɗanki. In kin san yana kallo, kada ki fara da fizge wayar, zai je ya kalla a wurin aboki. Ki ce ya cire abin kunnen ya zo ku kalla tare. In an zo wurin sara, ki tambaye shi: wannan da aka kwantar, wa zai kai wa uwarsa labari? Ki tambaye shi ko ya san irinsu a unguwa, sannan ki yi shiru ki saurara, za ki ji abin da ba ki taɓa ji ba. In abin da kika ji ya tayar miki da hankali, ki sanar da maigida ko wani babba cikin kawunnansa tun da wuri, kada ki rufe don gudun faɗa.

Ƙanana kuwa, 'yan ƙasa da shekara goma, ba abin kallonsu ba ne sam. In tsautsayi ya sa sun gani, ki gaya musu jinin nan kala ce ake haɗawa, ƙarar dukan kuma daga baya ake sa ta, wanda ya faɗi yana tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi gida. Mai juna biyu da mai hawan jini, don Allah a bar shi da daddare.