Shin Ko Kun San? Dokin da Aka Ce Ya Iya Lissafi

Shin ko kun san an taɓa yin wani doki a birnin Berlin na Jamus, mai suna Hans, da jama'a suka yarda ya iya lissafi? A ce masa uku a tara da biyar, sai ya bugi ƙasa da kofato sau takwas ya tsaya cak. A 1904 kwamitin mutum 13 ya bincika, ya ce babu coge. Sai da wani masani, Oskar Pfungst, ya sa ido sosai asiri ya tonu: in mai tambaya bai san amsar ba, ko aka kare wa dokin gani, sai ya yi ta bugu barkatai. Ashe jikin mai tambayar yake kallo. Da bugu ya kai adadin, sai mutumin ya ɗan ɗaga kai bai ma sani ba, doki kuwa ya dakata. Wayo kam akwai shi, lissafi ne babu.

Mutane ma ba a bar su a baya ba. Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Scrabble (wasan haɗa kalmomi) ta Faransanci a 2015 alhali ba ya jin harshen. Kalmomin ƙamus ya haddace cikin makonni kamar tara.

Kun san kuma ji daban, ganewa daban, har a cikin ƙwaƙwalwa? A 1874 likita Carl Wernicke ya bayyana marasa lafiyar da wani sashe na hagun ƙwaƙwalwarsu ya lalace: kunne garau, magana na zuba, amma ba sa gane abin da ake faɗa musu.

Mu masu lafiyar fa? A 2002 masu bincike a Jami'ar Yale sun sa mutane su ba kansu maki kan yadda suka san aikin zif ɗin riga da makamantansa. Da aka ce su yi bayani dalla-dalla, sai suka riƙa rage wa kansu makin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙiyasin Bankin Duniya na 2022: kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Iyaye, in yaro ya gama karatu, a rufe littafin a ce ya ba da labarin da bakinsa.