Raunin da Ido Ba Ya Gani

Na taɓa kwana a asibiti ina jinyar maƙwabcina da aka daɓa wa wuƙa a ciki. Bakin raunin bai kai faɗin yatsa biyu ba, amma kafin asuba jini ya taru a cikinsa, ashe wuƙar ta yanki saifa. Da ƙyar likitoci suka ceto shi.

Haka raunin wuƙa da harsashi yake: ƙofa ƙarama, ɓarna a ciki. Tun 1971, lokacin da aka fara ɗaukar hoton majiyyaci da na'urar CT a Landan, kwamfuta ke taya likita leƙa cikin jiki ba tare da an tsaga shi ba. A Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ma an ƙirƙiro manhajar TraumaSCAN, wadda ke duba mashigar rauni da alamomin majiyyaci, ta ƙiyasta ko huhu ne ya taɓu, ko hanta, ko zuciya.

Dokar 2017 ta wajabta wa asibitocin Najeriya karɓar wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda. Madalla. Amma a Zamfara da Katsina, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a, ina roƙon gwamnoni su haɗa da na'ura mai aiki, da wutar lantarki, da ƙwararrun da za su karanta hoton.